Awon Ciki Daga Wata Bakwai Zuwa Haihuwa

  Ina gaida wadda ke gindin murhu, da mai tankaɗe, da mai ɗinkin hula, da kuma wadda ta shimfiɗa tabarma ta miƙe ƙafa saboda nauyin ciki. Ke ta ƙarshen nan, yau zancen naki ne, sai ki jawo rediyo kusa. In mai gida yana nan, a roƙe shi ya ɗan zauna. In Hajiya uwar miji tana kusa, ita ma a shimfiɗa mata, don akwai rabonsu a cikin maganar.

Wata 'yar uwa ce ta aiko da saƙo. Ta ce ta je awo sau biyu, an ba ta kati, an ba ta gidan sauro, an yi mata allura. Yanzu cikinta ya shiga wata bakwai, tana cin abinci, tana aikinta, ba abin da ke damunta. Mai gidanta ya ce fitar ta isa haka, tunda lafiya lau take. Shi ne take tambaya, shin dole ne ta ci gaba da zuwa?

'Yar uwa, amsar ita ce e, ki ci gaba. Hasali ma yanzu ne awon ya fi muhimmanci. Dalili kuwa, manyan abubuwan da ake nema a awon ƙarshen ciki ba su cika yin ciwo ba. Hawan jini yakan shigo shiru. Ƙarancin jini yakan zo a hankali, har mace ta ɗauka gajiyar ciki ce kawai. Ɗa yakan kwanta a gicciye, uwa ba ta sani ba sai ranar naƙuda. Mace tana iya jin garau alhali akwai abin da ke tafe, kuma awo ne kaɗai zai nuna shi.

Ni kaina shaida ce. A cikina na biyu, ina zuwa aiki, ina girki, ba ciwon kai ba jiri. Na je awo a farkon wata na tara, har ina mitar layi ya yi tsawo. Malamar asibiti ta ɗaura mini abin awon jini, ta duba, ta ce in huta, ta sake aunawa. Sai ta ce jinina ya hau, kuma fitsarina ya nuna alama. Ranar a gadon asibiti na kwana. Da na bi yadda nake ji a jikina, da ban je ba.

Kuma kada mu ɗauki abin da wasa. Ƙiyasin hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa a shekarar 2023 mata wajen 75,000 suka rasu a Nijeriya ta dalilin ciki da haihuwa, wato fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka rasu haka a duniya baki ɗaya. Zubar jini da hawan jini suna sahun gaba a cikin abubuwan da ke kawo wannan rashi. Kowaccenmu ta san gidan da aka yi irin wannan zaman makoki.

To, sau nawa ake zuwa? A asibiti da mako ake lissafin ciki, daga ranar farko ta al'adarki ta ƙarshe, kuma cikakken ciki mako 40 ne, wato kwana 280. A da akan ce zuwa huɗu ya wadatar. A shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da shi aƙalla takwas: na farko kafin ciki ya wuce mako 12, sai a mako na 20, da 26, da 30, da 34, da 36, da 38, da 40. Ku lura, biyar daga cikin takwas ɗin duk a ƙarshen ciki suke. Wasu asibitocin kuma suna bin tsarin da aka saba: sau ɗaya a wata har mako 28, sai duk mako biyu har mako 36, daga nan kowane mako har a sauka. Ko wanne asibitinku ke bi, ranar da aka rubuta miki a kati ita ce ranarki. In ba kya karatun boko, ki sa malamar ta faɗa miki da baki, ki riƙe da ranar kasuwa ko da lissafin Juma'a.

Yanzu bari mu shiga ɗakin awo tare, mu ga abin da za a yi miki ɗaya bayan ɗaya.

Ki ci abinci kafin ki fita, ki riƙe ruwan sha, don jira ba ya ƙarewa da wuri. Ki sa riga da zani maimakon doguwar riga, saboda ciki kawai za a buɗe. Galibi akan fara da 'yar lacca, sannan a kira suna.

Na farko, sikeli. Ana so a ga nauyinki yana ƙaruwa sannu a hankali. In ya tsaya cik, ko ya yi tsalle cikin 'yan kwanaki, malamar za ta so ta san dalili.

Na biyu, awon jini a dantse. Lamba biyu za a faɗa, ta sama da ta ƙasa. Ki riƙe wannan: in ta sama ta kai 140, ko ta ƙasa ta kai 90, jini ya hau. Kada ki tashi daga kujerar nan sai kin ce, "Malama, nawa ne jinina yau?" Haƙƙinki ne ki sani, kuma matambayi ba ya ɓata.

Na uku, fitsari. Za a ba ki 'yar kwalba, a tsoma wani ɗan tsinken takarda mai canza launi. Abu biyu aka fi nema. Ɗaya sukari, domin akwai ciwon sukari da ciki ke kawowa, wanda yakan sa ɗa ya yi girman da zai wahalar da haihuwa. Shi ya sa a wasu asibitoci akan yi gwajin sukari na jini tsakanin mako 24 da 28. Ɗayan kuma wani sinadari ne da ake ce wa furotin, wanda bai kamata ya fito a fitsari ba. In aka ga furotin ga kuma hawan jini, to wannan ita ce hanyar da ke kai mace ga jijjiga, wadda wasu ke kira taune-taune. Ta fi kama mai cikin fari, da mai tagwaye, da wadda shekarunta suka ja, da wadda dama tana da hawan jini. In an gano da wuri, akwai magani, akwai sa ido, wani lokaci kuma likita ya yanke shawarar a sauke cikin kafin abin ya yi muni.

A nan zan taɓo maganar zaƙi. Na san da yawa muna shan jiƙe-jiƙen maganin zaƙi in haihuwa ta matso, don iyayenmu sun ce yana sauƙaƙa naƙuda. Ban zo in raina iyaye ba. Amma jiƙon da ba a san ƙarfinsa ba yana iya tayar da naƙuda mai tsanani kafin lokacinta, ko ya sa gudawa ta ƙarar da ruwan jiki. Duk abin da kike sha, ki faɗa wa malamar asibiti. Ba za ta kai ki ƙara ba.

Na huɗu, za ki hau gado. Malamar za ta duba cikin idonki da tafin hannunki ko sun yi fari, ta danna ƙafarki ta ga ko akwai kumburi. Sai ta ɗauko tef irin na tela, ta auna daga ƙashin mara zuwa inda mahaifa ta tsaya a sama. Daga mako 24 zuwa wajen 36, tsawon nan a santimita yakan yi kusan daidai da makonnin cikin. Ciki mai mako 30 yakan ba da santimita 30, ko sama ko ƙasa da biyu. In ya gaza da yawa, wataƙila ɗan ba ya samun isasshen abinci a ciki, ko lissafin watanni ne ya kuskure. In ya zarce da yawa, wataƙila tagwaye ne, ko ruwa ya yi yawa, ko ɗan ne babba. A nan ne akan tura ki hoton ciki, wato sikanin. Hoton ba ya cutar da ɗa, kuma yana nuna kwanciyarsa, da yawan ruwa, da inda mabiyiya ta zauna.

Bayan tef, sai ta lallatsa cikin da hannu biyu, tana neman inda kai yake da inda baya yake. Kafin wata takwas ɗa yana juyawa yadda ya ga dama, don haka in an ce miki yana zaune a mako 30, kada hankalinki ya tashi. Zuwa mako 36 yawancin 'ya'ya sun juya kai ƙasa. Kamar 3 ko 4 ne cikin 100 ke kaiwa lokacin haihuwa suna zaune. Wanda yake zaune, likita zai duba ko a juya shi a asibiti, ko a tsara yadda za a karɓi haihuwar. Wanda ya kwanta a gicciye har naƙuda ta zo, ba ya fitowa ta hanyar da aka saba, sai an yi aiki. Don Allah kada a bari wani ya murza miki ciki a gida da sunan gyara kwanciya. Ana iya ɓalle mabiyiya a jawo zubar jini.

Sai sauraron bugun zuciyar ɗa. Wasu suna amfani da wani abu mai kama da mazurari, su kafa shi a ciki su kara kunne. Wasu kuma suna da 'yar na'ura da ke fito da sautin har ke ma ki ji. Zuciyar ɗan ciki tana bugawa sau 110 zuwa 160 a minti ɗaya, ta fi taki sauri nesa ba kusa ba. Saboda haka in kin ji tana sauri kamar gudun doki, haka ake so.

Na san abin da ke hana wasunmu zuwa: kunya, da tsoron za a buɗe mutum. Ku sani, a awon yau da kullum ba a cika duba mace ta ƙasa ba sai da dalili, kamar in ana zaton naƙuda ta fara ko faya ta fashe. Yawancin masu yin awo mata ne 'yan uwanmu. In kika tarar da namiji, kina iya neman mace, ko ki ce a bar wata ta tsaya tare da ke. Amma in larura ta kai, Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Na biyar, gwajin yawan jini, wanda za ki ji suna ce wa PCV. Akan sake shi a ƙarshen ciki ko da an yi a farko. In ya sauka ƙasa da 33, jini ya fara ƙaranci. Abin da ya sa ake damuwa shi ne, kowace haihuwa da zubar jini take zuwa. Mai cikakken jini za ta jure, amma wadda dama nata kaɗan ne, ɗan abin da ta zubar sai ya kayar da ita. Shi ya sa ake ba ki ƙwayoyin ƙarin jini ki sha kullum. Suna iya mayar da bayan gida baƙi, ko su sa shi tauri, wannan ba komai ba ne, ki yawaita ruwa da ganye. Maganar da ake yi cewa suna ƙara wa ɗa girma har ya ƙi fita, ba ta da tushe. Kada ki haɗiye su da shayi, don shayi yana hana jiki ɗaukarsu. Ki haɗa da wake, da zogale, da alayyahu, da kifi ko nama in an samu, da lemo ko gwaiba.

In ba a taɓa duba rukunin jininki ba, ki nemi a duba. Akwai matan da jininsu ake ce masa nagetif. Irin wannan mace, in jinin ɗanta ya saɓa da nata, jikinta yana iya yaƙar jinin 'ya'yan da za ta haifa nan gaba. Akwai allurar da ake yi mata wajen mako 28, da kuma cikin awa 72 bayan haihuwa. Haka nan gwajin ƙanjamau da na ciwon hanta da na tunjere, in bai samu a farko ba, a yi shi yanzu. Ba zargi ba ne, kowa ake yi wa, kuma in an gano akwai hanyar kare jariri.

Na shida, rigakafi. Zazzaɓin cizon sauro yana shanye jinin mai ciki, yana ƙanƙantar da ɗa, ko da uwa ba ta jin zazzaɓi. Don haka ake ba da Fansidar ƙwaya uku a sha gaban malama, daga wata na huɗu, da tazarar aƙalla wata ɗaya tsakani, kuma ana so a samu sau uku ko fiye kafin haihuwa. In maganin yana yi miki ƙaiƙayi ko ƙuraje, ko kina shan Septrin kullum, ki faɗa kafin a ba ki. Gidan sauron nan kuwa, a ɗaura shi a kwana ciki, kada a ajiye shi a ƙasan akwati. Sai allurar tetanus, ciwon nan da ke shiga ta cibiyar jariri ya sandarar da shi ya hana shi kama nono. Wadda ba ta taɓa yi ba tana bukatar biyu, da tazarar mako huɗu, kuma ta biyun ta kasance aƙalla mako biyu kafin haihuwa.

Malamar za ta tambaye ki motsin ɗa. Wannan awon ke ce mai yin sa, kullum, a ɗakinki. Ki san lokutan da ɗanki ya saba motsi. Ana cewa wai in haihuwa ta kusa ɗa yakan daina motsi don wuri ya yi masa kaɗan. Ba haka ba ne. Salon motsin yana iya canzawa, amma ba ya dainawa. In kika ji ya ragu ko ya yi shiru, a ranar za ki je asibiti, ba gobe ba. Wajen kwanciya kuma, daga wata bakwai ki riƙa kwanciya a gefe, ki bar rigingine, don nauyin mahaifa yana danne manyan jijiyoyin jini.

Akwai ƙananan damuwa da kusan kowa ke yi: ƙwannafi, ciwon baya, yawan fitsari, ɗaurewar ƙafa da dare, kumburin sawu da yamma wanda ke saɓewa da safe. Ki faɗe su a awo, za a ba ki shawara. Amma akwai alamun da ba sa jiran ranar awo, ko da tsakar dare ne. Ku saurara da kyau. Zubar jini, komai ƙanƙantarsa, ko da ba ciwo. Ciwon kai mai tsanani da ba ya jin magani. Gani dishi-dishi ko ganin walƙiya. Kumburin fuska da hannuwa. Ciwo a ƙahon zuciya. Zazzaɓi mai zafi. Fashewar faya ba tare da naƙuda ba. Haki ko numfashi sama-sama. Ɗaukewar motsin ɗa. Da kuma jijjiga.

In mace ta faɗi tana jijjiga, 'yan uwa, kada a tsaya ana turare ana cewa iska ce. A kwantar da ita a gefenta na hagu, kada a cusa mata cokali a baki, kada a ɗura mata komai, a nemi mota. Akwai allurar da ke tsayar da jijjigar a asibiti. Addu'a kuwa ana yin ta a hanya. Mai zubar jini ma, kada kowa ya sa mata hannu a gida.

Ga masu cikin fari da ake kaiwa goyon ciki gidan iyaye a wata na bakwai, wannan al'ada ce mai kyau, amma a nan ne awo yakan yanke. Yarinya ta bar garin miji, kati ya zauna a can, kunya ta hana ta yi wa mahaifiyarta maganar asibiti. Iyaye mata, ku ne za ku fara tambaya. Ta zo da katinta, a kai ta asibitin da ke kusa da ku a makon da ta iso. Ke kuma da kika haifi shida ko bakwai a ɗaki lafiya, kada ki ce kin ƙware. Daga haihuwa ta biyar zuwa sama mahaifa takan yi sanyin tsukewa bayan haihuwa, zubar jini ya fi yawa. Wadda aka taɓa yi wa aiki kuwa, haihuwarta ta asibiti ce, ba ja-in-ja.

A zuwan mako 36 za a yi miki maganar shiri. Ba a fafe gora ranar tafiya. A ina za ki haihu? Wa zai raka ki, wa zai zauna da yara? Wace mota ko Keke Napep za a kira da dare, kuma lambar direban tana wayar wa? An ware ɗan kuɗi? Su wa za su ba da jini in an bukata? Asibiti zai ba ki jerin kayan haihuwa, ki haɗa su a jaka ɗaya da zannuwa da kayan jariri, kati a sama. In mako 40 ya cika shiru, ki koma awo. In ya kai 41, likita yakan ba da shawarar a tayar da naƙuda. In kuma naƙuda ta fara, kada a bari rana ta fito ta faɗi a kanta a gida. Doguwar naƙuda ita ke kawo yoyon fitsari da rasa ɗa.

Saura magana ɗaya, kuma ta masu gida ce. Malam, Alhaji, mun san ba ta fita sai da izininka, kuma ba mu zo rushe wannan ba. Roƙonmu shi ne ka ba da izinin tun yanzu. Ka faɗa a gaban mahaifiyarka da abokiyar zamanta da ƙaninka cewa duk ranar awo ta je, kuma duk sa'ar da aka ga ɗaya daga cikin alamun nan a kai ta asibiti, kana gari ko ba ka gari. Mata da yawa sun rasu ana jiran mai gida ya dawo daga kasuwa ko daga tafiya, waya kuma ba ta shiga. In ka samu hali, ka raka ta ko sau ɗaya, ka ji bayanin malamar da kunnenka.

Ke kuma 'yar uwa da kika aiko da saƙo, ki zaɓi lokacin da ya ci ya huta, ki nuna masa katin, ki faɗa masa abin da kika ji yau cikin ladabi. In kina jin nauyi, ki bi ta wajen Hajiya ko wata babba da yake jin maganarta.

A nan za mu dakata. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi magana a kan kwanakin farko na jego da kula da cibiyar jariri. Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya abin da aka haifa. Ku huta lafiya, wassalamu alaikum.